Daga maƙwabtaka zuwa talabijin: tarihin ƙaurar jami'o'in Amurka tsakanin ƙawancen wasanni

A ranar Juma'a 4 ga watan Agusta na shekarar 2023, jami'o'i biyar na yammacin Amurka suka sanar da ficewarsu daga ƙawancen wasannin da ake kira Pac-12. Kafin su, uku sun riga sun yi sallama. Bayan makonni huɗu wasu biyu suka bi sahu. Ƙawancen da tushensa ya faro tun 1915, wanda ya ga yaƙin duniya biyu bai rushe ba, sai ga shi cikin jami'o'i goma sha biyu saura biyu rak. Ba a yi faɗa a filin wasa ba, ba kuma a kama wani da maguɗi ba. Kuɗin talabijin ne ya yi kaɗan, kowa ya kama gabansa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da wasan Amurkawa. To, waɗanda suka yanke wannan hukunci shugabannin makarantu ne, waɗanda abin ya faɗa wa kuwa ɗalibai ne, ƴaƴan mutane masu shekara 18 zuwa 23. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ko ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta zai so ya ji yadda makaranta ke kaiwa ga wannan matsayi.

Mene ne ƙawancen wasanni?

A Amurka jami'o'i ne ke riƙe da babban ɓangare na wasannin matasa. Jami'a guda takan riƙe ƙungiyoyi ashirin ko fiye: ƙwallon kwando, ƙwallon raga, guje-guje, ninƙaya, kokowa da sauransu, na maza da na mata. Amma uwa uba shi ne zari-ruga irin na Amurka, wanda ake buga shi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ƴan wasa na sanye da hular kwano. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Jami'o'in kan haɗu rukuni-rukuni, su tsara jadawalin karawa da juna, su kafa dokoki, su raba abin da aka samu. Wannan rukuni shi nake kira ƙawance a nan. Kuma duk inda na ce dala, dalar Amurka nake nufi, kada a ɗauka dala tamu ce ta tamma biyar.

Asalin abin: tsare karatu

A watan Janairu na 1895, shugaban jami'ar Purdue, James Smart, ya kira takwarorinsa taro a wani otel a birnin Shikago. Abin da ya dame su shi ne wasa ya fara fin ƙarfin makaranta. Ana ɗauko ƙarti waɗanda ba ɗalibai ba a sa musu rigar jami'a, su buga wasa su karɓi lada su wuce. A 1896 aka kafa ƙawancen da jami'o'i bakwai: Shikago, Illinois, Michigan, Minnesota, Northwestern, Purdue da Wisconsin. Babbar dokarsu ita ce, ba mai buga wasa sai ɗalibi na gaskiya wanda ba a bin sa bashin karatu. Dukansu maƙwabta ne a tsakiyar ƙasar, jirgin ƙasa na kai yara su dawo kafin darasin Litinin.

Tun a lokacin aka fara ficewa. Shekarar 1905 ta yi muni, domin jaridu sun ƙirga ƴan wasa 18 da suka mutu a filin zari-ruga, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya sa baki. Daga nan aka kafa hukumar da daga baya ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i. Shi kuma ƙawancen tsakiyar ƙasa ya tsaurara dokoki, ya ce kada a wuce wasa biyar a kaka. Michigan, wadda ke ji da ƙarfinta, ta ƙi yarda, ta fita. Ta yi shekaru kusan goma tana neman abokan karawa a nesa, sannan ta dawo a 1917. Dawowarta ce ta cika su goma, aka soma kiran su Big Ten, wato Manya Goma.

Waɗanda suka fita da ƙafarsu

Labarin jami'ar Shikago ya fi kowane jan hankalin malami. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙawancen, kuma ta yi tashe ƙwarai a ƙarƙashin mai horarwa Amos Alonzo Stagg, wanda ya riƙe ƙungiyar shekara arba'in. Ɗalibinta Jay Berwanger shi ne ya fara karɓar kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasa a 1935, wadda yanzu ake kira Heisman. Sai dai shugabanta Robert Hutchins, wanda ya hau kujera yana da shekara 30, yana ganin cewa makaranta ba za ta iya riƙe matsayinta na ilimi ba kuma ta ci gaba da farautar ƙarti. Ƙungiyar ta yi rauni, har Michigan ta lallasa ta 85 da babu a 1939. A ƙarshen shekarar jami'ar ta soke wasan baki ɗaya, a 1946 kuma ta bar Big Ten. A ƙarƙashin kujerun ƴan kallo na filin da aka daina amfani da shi ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka yi nasarar tayar da makamashin nukiliya mai ɗorewa karo na farko, ranar 2 ga Disamba 1942. Har yau Shikago na cikin jami'o'in da ake ji da su a duniya. Ta dawo da wasan a 1969, amma a ƙaramin mataki inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu don yana wasa.

A kudancin ƙasar ma an yi irin haka. Jami'o'i 13 suka ɓalle daga wani ƙawance da ya yi musu faɗi da yawa, suka kafa SEC a ƙarshen 1932. Ɗaya daga cikinsu, wata ƴar ƙaramar makaranta mai suna Sewanee, ta yi kaka takwas ba ta ci ko wasa ɗaya na zari-ruga a ƙawancen ba, ta haƙura ta fita a 1940. Georgia Tech ta fita a 1964 saboda saɓani kan dokar yawan ɗaliban da za a ba tallafi. Mai horar da ita, Bobby Dodd, yana zargin wasu da ɗibar yara da yawa, sannan su kori waɗanda ba su yi fice ba don su sami gurbin sababbi. Tulane ta bi ta a 1966. Yau SEC na raba wa kowace jami'a fiye da dala miliyan 50 a shekara, Tulane kuwa tana kallo daga waje. A gabashin ƙasar, jami'o'i takwas da suka haɗa da Harvard, Yale da Princeton sun ɗaure kansu a 1954 da ƙawancen Ivy League, bisa sharaɗin ba za a ba kowa tallafi saboda wasa ba. Shekara saba'in ke nan, ba wadda ta fita, ba wadda aka ƙara.

A wancan zamani ke nan, in makaranta ta fita, gardamar kan doka ce, ko kan ƙarfi, ko kan abin da makaranta take ganin an kafa ta dominsa.

Hukuncin 1984

Tun farkon shekarun 1950 NCAA ce ke riƙe da wuƙa da nama a kan nuna zari-ruga a talabijin. Ita ke ƙulla ciniki da gidajen talabijin, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a, don kada manya su cinye komai kuma kada mutane su daina zuwa fili. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, suna cewa an tauye musu haƙƙin sayar da hajarsu. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya, alƙalai bakwai da biyu. Wanda ya rubuta ra'ayin ƴan adawa, Byron White, shi kansa tsohon tauraron zari-ruga ne a jami'ar Colorado. Ya yi gargaɗi cewa kotu na ɗaukar wasan makaranta tamkar kasuwanci zalla, alhali wani sashe ne na tarbiyya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wannan rana darajar ƙawance ta koma kan yawan gidajen da za su kunna talabijin. A 1990 jami'ar Notre Dame, wadda ba ta cikin kowane ƙawance a zari-ruga, ta ƙulla cinikinta ita kaɗai da gidan NBC. A shekarar ne Big Ten ta karɓi Penn State, suka zama 11 amma sunan bai canza ba. SEC ta jawo Arkansas da South Carolina ta cika 12, don ta sami damar shirya wasan ƙarshe na zakaru, wanda aka fara a 1992 kuma talabijin ta saya da tsada.

Darasin Texas

Ƙawancen kudu maso yamma, wanda aka kafa a 1914, shi ne babba na farko da ya mutu a sabon zamanin. Bayan ficewar Arkansas duk mambobinsa takwas a jahar Texas suke, kasuwarsu ba ta wuce jaha ɗaya ba. Ga kuma abin kunya. An kama jami'ar SMU tana biyan ƴan wasa a ɓoye da kuɗin attajiran tsofaffin ɗalibai, NCAA ta dakatar da ƙungiyarta ɗungurungum a 1987, kuma gwamnan jahar na lokacin, Bill Clements, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan sa'ad da yake jagorantar hukumar gudanarwar jami'ar.

A 1994 jami'o'i huɗu, Texas, Texas A&M, Texas Tech da Baylor, suka amince su haɗe da wasu takwas na arewa, aka sami Big 12 da ta fara wasa a 1996. An daɗe ana faɗin cewa ƴan siyasa ne suka buɗe wa biyun ƙarshe ƙofa, ganin cewa gwamna Ann Richards a Baylor ta yi karatu, mataimakinta Bob Bullock kuma ya ratsa Texas Tech da Baylor, kuma majalisar jaha ce ke riƙe da lalitar jami'o'in gwamnati. Aka bar Houston, Rice, SMU da TCU a rana. Houston ɗin nan ita ce inda Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya kai ƙungiyar kwando wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984. Wannan tarihi bai cece ta ba, sai da ta jira har 2023 kafin ta shiga Big 12.

Zamanin taswirar talabijin

A 2007 Big Ten ta buɗe tashar talabijin tata. Kamfanonin da ke kai tashoshi gidaje suna biyan ta wani kaso daga kuɗin watan kowane gida, kuma kason ya fi tsoka a jahohin da take da mamba. Lissafin ya fito fili: duk jami'ar da ke zaune kusa da babban birni ta zama abin nema, ko ƙungiyarta na cin wasa ko ba ta ci. Haka Rutgers ta shiga a 2014. Ita ce ta buga wasan zari-ruga na farko tsakanin jami'o'i a 1869, amma ba a san ta da lashe kofuna ba. Abin da take da shi shi ne maƙwabtaka da New York.

Maryland, wadda ta shiga tare da ita, tana cikin waɗanda suka kafa ƙawancen ACC a 1953. Giɓin kasafi ya sa ta rufe ƙungiyoyin wasa bakwai a 2012, yara da yawa suka wayi gari ba ƙungiya. Bayan ƴan watanni ta sanar da ƙaura, ta biya tsohon ƙawancenta kimanin dala miliyan 31 kuɗin sallama. Da yawa daga cikin ɗalibai da tsofaffin ɗalibai sai a jarida suka ji labari.

A Big 12 kuwa hassada ce ta yi aiki. Jami'ar Texas ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 300 ta shekara 20 da ESPN don tashar kanta. Nebraska da Colorado suka fita a 2011, Texas A&M da Missouri a 2012. Karawar Texas da Texas A&M, wadda aka fara tun 1894, wadda iyalai ke taruwa dominta kowace shekara, ta tsaya cik har shekara 13. Ba a sake ta ba sai a 2024, bayan ita ma Texas ɗin ta tattara tare da Oklahoma sun koma SEC.

Sannan aka zo kan Pac-12. A ƙarshen Yunin 2022 USC da UCLA, manyan jami'o'in Los Angeles, suka ce sun tafi Big Ten, wadda ba da jimawa ba ta sa hannu kan cinikin shekara bakwai na fiye da dala biliyan 7 da Fox, CBS da NBC. Waɗanda suka rage suka yi shekara guda suna neman mai saye, abin da aka kawo musu daga kamfanin Apple bai gamsar da su ba. Oregon da Washington suka yarda su shiga Big Ten da kusan rabin kaso. Stanford da Berkeley, da ke bakin tekun Pasifik, suka shiga ƙawancen da sunansa ke nufin gaɓar Atlantika. SMU ta bi su, ta yafe kuɗin talabijin na shekara tara, attajiranta suka ɗauki nauyin cike gurbin, don dai ta koma cikin manya bayan kusan shekara 30 tana gararamba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: Oregon State, wadda ke cikin huɗun farko na 1915, da Washington State su ne aka bari da gidan. Sai da suka je kotu kafin su karɓi ragamar abin da ya rage, suka shiga gayyatar ƙananan jami'o'i don sake gini. Manya Goma kuwa yanzu su 18 ne.

Me ke sa wasu su zauna?

In an duba tarihin nan, dalilan zama huɗu ne. Na farko igiya. Bayan tafiyar Maryland, mambobin ACC sun sa hannu cewa haƙƙin nuna wasanninsu na gida mallakin ƙawancen ne, daga baya aka tsawaita shi zuwa 2036, ko da jami'a ta fita. Florida State da Clemson, da suka ga takwarorinsu na SEC sun yi musu nisa a kuɗi, suka maka ƙawancensu a kotu, sai a 2025 aka sasanta bisa ƙara wa masu jan ƴan kallo kaso. Na biyu rashin gayyata, domin da yawa cikin masu yabon kansu da riƙon amana ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Na uku siyasa. A 2003 gwamnan Virginia, Mark Warner, ya matsa wa babbar jami'ar jahar kada ta goyi bayan faɗaɗa ACC sai an sa ƴar'uwarta Virginia Tech. Hukumar jami'o'in Kalifoniya ma ta bar UCLA ta tafi, amma ta ɗora mata biyan Berkeley dala miliyan 10 a shekara. Na huɗu, wanda ya fi ƙaranci, sanin kai. Ivy League ta san abin da take so. Jami'ar Connecticut ta gane cewa bin zari-ruga ya raba ta da tsofaffin abokan karawarta a kwando, ta biya ta koma Big East a 2020, ta ɗauki kofin ƙasa na maza a 2023 da 2024. Zumunta a ƙafa take, kuma wani lokaci tana biya.

Wa ya biya kuɗin tafiyar?

Daga Los Angeles zuwa jahar New Jersey, inda Rutgers take, kusan kilomita 4,000 ne, daidai da tazarar Yamai zuwa Paris, ga bambancin agogo na awa uku. Ƴan zari-ruga, waɗanda dominsu aka yi ƙaurar, wasa 12 suke yi a kaka, sau ɗaya a mako, yawanci ranar Asabar. Amma yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko yaron da ke kwando suna da wasa a tsakiyar mako. Malamin da ke kiran suna ranar Alhamis da safe shi ya san kujerar da ba kowa. Uwar da a da take shiga mota ta je kallon ɗiyarta a jaha ta kusa, yanzu sai ta nemi kuɗin jirgi. Sa'ad da Pac-12 ke watsewa, ƴan wasa mata da dama sun fito a kafofin sada zumunta suna cewa sun zaɓi makarantarsu ne don iyayensu su riƙa ganinsu, kuma ba wanda ya tambaye su.

Adalci ne a faɗi cewa kuɗin zari-ruga ne ke ɗaukar nauyin sauran wasannin da ba sa kawo riba, kuma shugaban jami'ar da ya ƙi tafiya zai iya wayar gari yana rufe ƙungiyoyi kamar yadda Maryland ta yi. Adalci ne kuma a faɗi cewa ƴan wasan sun fara samun rabonsu. Tun Yulin 2021 aka ba su damar cin moriyar sunansu a tallace-tallace, a Yunin 2025 kuma wata kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan ƴan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Abin da aka dakatar da SMU a kansa a 1987 ya zama halas. Abin da shugabannin 1895 suka taru don hanawa, magadansu ne suka sa masa hannu.

Ga iyayen da ɗansu ke da tsawo da ƙwazo, yana mafarkin tallafin karatu a Amurka ta hanyar kwando ko guje-guje, ƙofa ce ta gaske, kuma ƴaƴan Afirka da yawa sun shiga ta sun amfana. Amma ita kanta NCAA ta ce waɗanda ke zama ƙwararrun ƴan wasa bayan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. Saboda haka kafin a yi murna a tambaya: kwana nawa yaro zai yi a aji, kwana nawa a hanya? In ya ji rauni, tallafin zai ci gaba? Nawa ne cikin ƴan ƙungiyar ke fita da digiri? Ga malamai kuma, Hutchins da Dodd sun bar misali: kowannensu ya kalli kuɗi da suna, ya tambayi abin da zai sami yaron da ke gabansa, kuma ya yarda ya yi asarar wani abu a kan amsar. Allah ya ba mu shugabannin makarantu masu irin wannan tambaya, ya kuma yi wa ƴaƴanmu albarka.